Shiru Ma Magana Ce: Bayanin Wani Wasan Sinima Na Hong Kong

A shekarar 2000 aka fito da wani wasan sinima daga birnin Hong Kong wanda a ke kira da Turanci In the Mood for Love. Sunansa na asali da harshen mutanen Sin ma'anarsa shekarun furanni, watau kwanakin da mutum ke kan ganiyar ƙuruciyarsa. Wanda ya tsara shi, ya kuma ba da umarnin ɗaukarsa, shi ne Wong Kar-wai. Tsawonsa minti 98 ne, a cikinsu kuwa ba a harbi kowa ba, ba a yi dambe ba, ba a yi rawa ba, ba a kuma ɗaura aure ba. Mutumin da ya saba da wasannin Indiya masu waƙa a kan duwatsu, ko na 'yan Sin masu tsalle da takobi, in ya zauna gabansa, kafin a yi rubu'in sa'a ya kan fara hamma, ya ce ai wannan babu abin da ke faruwa a ciki.

Amma fa masana wannan sana'a ba haka suka gani ba. A bikin nuna wasanni na birnin Cannes a ƙasar Faransa, cikin watan Mayu na shekarar da ya fito, Tony Leung, wanda ya yi namijin labarin, shi aka ba kambun gwanin 'yan wasa maza. A 2016 gidan BBC ya tambayi masu sharhi 177 na ƙasashe dabam-dabam su zaɓi wasannin da suka fi kyau tun shigowar wannan ƙarni, wannan ya zo na biyu. A 2022 kuma mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda ta kan yi irin wannan ƙidaya sau ɗaya cikin shekara goma, ta sa shi na biyar a cikin dukan wasannin da aka taɓa yi. To, tun da ruwa ba ya tsami banza, ya kamata a tsaya a duba abin da waɗannan mutane suka gani wanda mai hamma bai gani ba.

Amsar ita ce, mai wasan ya ɗauke abin da sauran masu wasa ke gaggawar nunawa, sa'an nan ya tsaya ya daɗe a kan abin da su ke tsallakewa. Wanda ya karanta balaga ya san babin hazfu, inda a ke share kalma daga cikin magana domin mai ji ya cika ta da kansa, ta kuwa fi zama a zuciyarsa da yake shi ya kawo ta. Wong Kar-wai da hoto ya yi hazfunsa. Ga bayanin yadda ya yi.

Labarin a taƙaice

An buɗe wasan a Hong Kong cikin shekarar 1962, lokacin tana hannun Ingila. Bayan da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin ƙasar Sin a 1949, mutanen birnin Shanghai da yawa sun ƙaura zuwa can, suka zauna unguwa ɗaya, suna yin harshensu, suna cin abincinsu. Gidaje suka yi ƙaranci, har iyali su kan ba da hayar ɗaki guda a cikin gidansu ga ma'aurata baƙi. Shi kansa Wong Kar-wai a Shanghai aka haife shi a 1958, aka kawo shi Hong Kong yana ɗan shekara biyar, saboda haka unguwar yarintarsa ce ya sake ginawa.

A rana ɗaya ma'aurata biyu suka tare a gidaje biyu masu maƙwabtaka, ƙofa da ƙofa. Mista Chow ɗan jarida ne, ya kama ɗaki a gidan Mista Koo, matarsa tana aikin dare a wani otal. Matar Chan kuwa, wadda Maggie Cheung ta fito a matsayinta, sakatariya ce a wani kamfanin jiragen ruwa, ta kama ɗaki a gidan Uwargida Suen, mijinta kullum yana kan hanyar fatauci zuwa Japan. 'Yan dako suka riƙa rikita kayan, su kai takalman wannan ɗakin wancan, su kai littattafan wancan ɗakin wannan. Mai kallo ya yi dariya, bai sani ba an riga an gaya masa labarin duka, domin ba da daɗewa ba Mista Chow da matar Chan suka gane cewa matarsa da mijinta suna cin amanarsu tare.

Daga nan abin da ya rage tambaya ɗaya ce, a kanta kuwa aka gina wasan: mutum biyu da aka zalunta da zalunci iri ɗaya, ga kaɗaici, ga kusanci, ga ƙofar ramuwa a buɗe, za su shiga ko za su tsaya? Sun yi wa juna alkawari ba za su zama kamar waɗancan ba. Sauran wasan nuni ne na abin da riƙon wannan alkawari ya ci musu.

Fuskokin da ba a nuna ba

Hazfu na farko, mafi girma kuwa, shi ne tun daga farko har ƙarshe ba a nuna fuskar Mista Chan ba, ba a kuma nuna ta matar Chow ba. A kan ji muryarsu daga bayan ƙofa, a ga ƙeya, a ga kafaɗa, shi ke nan. Da an nuna su, da mai kallo ya shagala da awo, yana cewa wannan ta fi waccan kyau, ko wannan ya fi wancan kwarjini, har ya nema wa masu laifi uzuri ko ya ƙara musu laifi. Da yake an ɓoye su, babu inda ido zai sauka sai a kan mutum biyun da aka bari a gida.

Akwai wani wuri da matar Chan ta dawo daga aiki, ta ji murya a gidan maƙwabta, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Chow ta buɗe, ta ce ita kaɗai ce, ba ta jin daɗi, za ta kwanta. Duk wannan magana fuskar matar Chan kaɗai a ke gani, tana murmushin ladabi. Aka rufe ƙofa, sai aka ji murya daga ciki tana gaya wa wani cewa matarka ce. Ba a nuna wanda ke ciki ba, ba a yi kokawa ba, ba a fasa ƙofa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar an bar ta a gaban mai kallo har ya karanta ta.

Kaya su ne shaidu

'Yan kasuwa za su fi kowa jin daɗin wannan fasali, domin hajar fatake ce ta tona asiri. Mista Chan ya zo wa matarsa da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa daga Japan, sabon abu a lokacin, mutanen gida suka taru suna mamaki. Mista Chow ya roƙa a sayo masa irinta. Da ya je biyan kuɗi, sai Mista Chan ya ce masa ai matarka ta riga ta biya. Mista Chow ya yi murmushi ya yi godiya, alhali kuwa bai san sun taɓa yin wata hulɗar kuɗi ba.

Sa'an nan ga zaman da suka yi a wani gidan shan shayi, wanda shi ne ginshiƙin wasan. Mista Chow ya tambayi matar Chan inda ta sayi jakar hannunta, wai yana so ya saya wa matarsa. Ta ce mijinta ya sayo mata daga waje, ba a sayar da irinta a Hong Kong. Ita kuma ta tambaye shi inda ya sayi nektayinsa, watau ƙyallen wuyan nan na masu kwat, wai tana so ta saya wa mijinta. Ya ce matarsa ta sayo masa daga waje. Aka yi shiru. Sai ta ce mijinta yana da irinsa sak, ya ce mata maigidansa ne ya ba shi. Shi kuma ya ce matarsa tana da jaka irin tata sak. Ta ce ta sani, ta gani. Ko sau ɗaya ba a ambaci sunan laifin ba, amma ba wanda zai tashi daga wurin bai san an faɗe shi ba. Wannan ita ce kinaya: a ambaci jaka, a nufi cin amana.

An kuwa share wa wannan zama hanya tun da wuri. Maigidan matar Chan a ofis, Mista Ho, yana da mata yana kuma da farka, ita ce kuwa ke buga masa wayar tarho ta shirya masa ƙarya tsakaninsu, har ta sa mijinta ya sayo jaka biyu, ɗaya ta uwargida ɗaya ta waje. Wata rana ta yaba wa Mista Ho sabon nektayinsa. Ya yi mamakin yadda ta gane sabo ne, ta ce mai lura ya kan gani. Kafin ya tafi wurin matarsa sai ya cire shi ya mai da tsohon. Watau ita ta riga ta san yadda a ke wannan ciniki tun kafin ya zo gidanta. Maganar da ta yi wa maigidanta kuwa har da mai kallo a ke yi.

Matakala da kiɗa

Yanzu sai batun jinkirin, wanda shi ne abin da a ke kuka da shi. Da yake ba ta da wanda za ta ci abinci da shi, matar Chan ta kan ɗauki 'yar kularta da dare ta sauka wata siririyar matakala zuwa wurin mai sayar da taliya. Shi ma Mista Chow can ya ke cin nasa shi kaɗai. Su kan haɗu a matakalar, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, su gaisa da kai ko da kalma guda, su wuce. Wani mai wasan da yanke wannan zai yi, ya ce ɓata lokaci ne. Wong Kar-wai kuwa sai ya ƙara masa tsawo.

Sinima hotuna ne marasa motsi a ke jerawa, 24 cikin kowane sakan, ido ya ɗauka motsi ne. In aka ɗauki hotuna fiye da haka cikin sakan, sa'an nan aka nuna su bisa ƙa'idar 24, sai tafiya ta yi nauyi, kamar mutum na tafiya cikin ruwa. Da wannan dabara aka ɗauki matakalar. A ga kular tana lilo a hannunta, a ga ta share gumi a wuya tana jiran taliya, a ga hayaƙin tabarsa yana hawa a hankali ƙarƙashin fitila. Gilmawar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba sai ta zama doguwa, kamar yadda ta ke a zuciyar mai kaɗaici wanda ba shi da wani abin tunawa a yininsa sai ita.

Duk sa'ad da za a yi wannan tafiya, kiɗa ɗaya a ke sawa, na goge irin na Turawa, mai taku uku-uku. Wani mutumin Japan, Shigeru Umebayashi, ya tsara shi domin wani wasa dabam mai suna Yumeji na 1991, aka aro shi. Ana maimaita shi sau da dama ba tare da an sāke shi ba. A karo na farko mai kallo ya ji daɗinsa kawai. A karo na uku ya fara jiransa. Can gaba kuwa, da ya ji farkonsa sai gabansa ya faɗi, domin kiɗan bai canja ba amma abin da ke tsakanin mutanen nan ya canja, shi kuwa ya sani. Akwai kuma waƙoƙin Nat King Cole, mawaƙin Amurka, waɗanda ya rera da harshen Sifaniya, irin waɗanda a ke ji a gidajen abinci na zamanin. Ɗaya daga cikinsu ma'anar sunanta watakila, an kuwa ajiye ta sai wajen ƙarshe, inda komai ya rataya a kan watakila.

Wani abin lura shi ne yadda a ke gane wucewar kwanaki. Ba a rubuta cewa bayan mako ɗaya ko bayan wata biyu. Matar Chan tana sa doguwar riga irin ta matan Shanghai, mai tsayayyen wuya, ɗinki ɗaya kullum, amma yadin yana sākewa. An ga fiye da 20 a jikinta, wata mai furanni, wata mai ratsi, wata ja, wata kore. Wani lokaci suna zaune wuri ɗaya, magana ɗaya a ke yi, sai a ga rigar ta zama wata, a gane ashe wata rana ce dabam, ashe sun sha yin wannan zama. Mai sayar da yadi ba zai rasa wannan ba. William Chang shi ya tsara tufafin, shi ya shirya ɗakunan, shi ne kuma ya yanka hotunan ya haɗa su, shi ya sa launin riga da na bango da na labule su ke amsa wa juna. Tsayayyen wuyan nan kuma ba ya barin mai shi ta sunkuya ko ta waiga yadda ta ga dama, sai ta riƙe kanta a miƙe, kamar yadda ta riƙe zuciyarta.

Idon maƙwabta

Kusan ba a taɓa nuna mutanen nan biyu a sarari ba. Kullum akwai wani abu tsakaninsu da mai kallo: bakin ƙofa, ko labule, ko ƙarfen taga, ko madubi. Wong Kar-wai ya bayyana cewa da gangan ya yi haka, domin mai kallo ya ji kamar shi ma maƙwabci ne mai leƙe. Lungunan gidan kuwa ƙunci gare su, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe.

Maƙwabtan ba miyagu ba ne. Mutanen kirki ne masu kiran mutum cin abinci, masu tambayar lafiya, amma idonsu ba ya barci. Sun lura cewa matar Chan tana cin ado don zuwa sayen taliya. Wata rana tana ɗakin Mista Chow suna taya juna rubuta labarin jarumai masu takobi wanda ya ke sayar wa jarida, sai mutanen gida suka dawo ba zato, suka baje wasan majong a tsakar gida, wasan da a ke yi da 'yan ƙwayoyi masu zane a kan tebur. Suka kwana suna yi, suka wuni. Ba ta da hanyar fita ba a gan ta ba, ta zauna a ɗakin har suka watse, ba abin da suka yi sai cin abinci da jira. Da za ta fita, ta sa takalman matarsa masu tsini don a zaci daga aiki ta ke, suna matse mata ƙafa, ta bar silifanta a can. Ba su yi laifi ba, amma ga su suna ɓuya irin ta masu laifi.

Wani dare kuma ruwa ya tsare su a titi. Ya ruga gida ya kawo mata laima, ta ƙi karɓa, ta ce in an gan ta da ita za a san tasa ce. Da ya yi rashin lafiya ta ji yana marmarin kunun riɗi, sai ta dafa tukunya guda ta raba wa gida duka, domin kada a ce don shi ta yi. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Wanda ya san matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari ya san cewa kunya ba ta nuna ƙarancin ƙauna, sau da yawa ma yawanta ta ke nunawa.

Wasa farin girki

Kada mai karatu ya zaci an nuna mutanen nan kamar marasa aibi. Da suka gane abin da ke faruwa, sai suka so su san yadda ya fara, wa ya fara yi wa wani magana. Suka shiga kwaikwayo: shi ya zama mijinta, ita ta zama matarsa. Suka je gidan abinci, kowa ya zaɓa wa ɗan'uwansa abin da abokin zamansa ke so, ta ci nama da yaji mai zafi domin haka matarsa ke ci, tana haɗiya da ƙyar.

Akwai wurin da aka nuna ta tana tambayar wani mutum da ya ba mai kallo baya yana cin abinci, ko yana da wata a waje. Ya musa, ta matsa, ya amsa. Mai kallo ya ɗauka mijin ne ya dawo. Sai aka juya, ashe Mista Chow ne, gwaji su ke yi na ranar da za ta tuhumi mijinta. Suka sake gwadawa, ta fashe da kuka, ta ce ba ta zaci abin zai yi mata ciwo haka ba. A nan mai wasan ya ruɗi mai kallo da gangan, domin ya ɗanɗana ruɗun da su ma suka shiga, har ba su san inda kwaikwayo ya ƙare gaskiya ta fara ba.

Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Don gudun tsegumi Mista Chow ya kama ɗaki a otal inda za su riƙa rubutu, lambarsa 2046, a ƙarshen wani lungu mai jajayen labule. Uwargida Suen ta kira matar Chan ta yi mata nasiha cikin lalama, ta ce matar aure ba ta yawan fita da dare. Ta ji, ta daina zuwa. Shi kuwa daga bisani ya faɗa mata gaskiya, ya ce dā yana son ya san yadda waɗancan suka fara, yanzu ya sani, abin shigowa ya ke ba sallama. Da yake ya san ba za ta bar mijinta ba, ya nemi aiki a Singafo. Har rabuwar ma sai da suka gwada ta a bakin titi, ta yi kuka a kafaɗarsa yana ce mata gwaji ne kawai. Abin da aka nuna na kusancinsu bai wuce riƙon hannu da jingina kai a cikin tasi ba. An ɗauki wani ɓangare da ya wuce haka, Wong Kar-wai ya cire shi kafin a nuna wasan, ya bar mai kallo da zatonsa.

Sirri a cikin rami

Ya tambaye ta, in akwai tikiti na biyu, ko za ta bi shi. Ya jira a ɗakin otal, bai gan ta ba, ya tafi. Ta sauko matakala da gudu, ta isa, ta tarar da ɗaki babu kowa. Wannan ne kusan wuri ɗaya da aka ga ta yi sauri, ya kuwa zo a makare.

A 1963 ta je Singafo, ta shiga ɗakinsa ba ya nan. Ba a nuna haɗuwa ba. Ya dawo yana neman wani abu da ya ɓata, sai ya ga guntun taba da jan baki a jikinsa. Abin da ya ɓata silifan nan ne da ta bari, ashe ya tafi da su. Ta buga masa tarho a ofis, ya ɗauka, ta yi shiru, ta ajiye. A 1966 ta koma tsohon gidan, ta tarar Uwargida Suen na shirin ƙaura zuwa Amurka, ta karɓi hayar gidan. Shi ma ya zo gai da Mista Koo, ya tarar sun tashi, aka ce masa wata mata ce da ɗanta ke zaune a maƙwabta. Ya tsaya a bakin ƙofar kaɗan, bai ƙwanƙwasa ba, ya wuce.

Tun a Singafo ya ba abokinsa labarin mutanen dā, cewa in mutum yana da sirrin da ba ya son kowa ya ji, sai ya hau dutse ya nemi itace, ya fafe rami a jikinta, ya raɗa sirrin a ciki, ya toshe da laka. A ƙarshen wasan sai aka yi tsalle zuwa ƙasar Kambodiya, aka nuna tsohon hoton labarai na zuwan Janar de Gaulle, shugaban Faransa, a 1966, domin a tuna wa mai kallo cewa duniya tana can tana harkokinta ba ta san da su ba. Sa'an nan aka ga Mista Chow a kangon Angkor Wat, babban ɗakin bauta da aka gina a ƙarni na 12. Ya sa bakinsa a wani rami a jikin bango, ya daɗe yana raɗa, wani mai zaman ibada yana hangensa daga sama. Ya toshe ramin da laka, ya tafi. Ko kalma ɗaya ba a bari mai kallo ya ji ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mai wasan kuwa ya riƙe wa mutumin nasa sirrinsa har ƙarshe.

Yadda aka yi aikin, da yadda a ke kallonsa

Wasan da ke koyar da haƙuri da haƙuri aka yi shi. Wata 15 aka yi ana ɗauka, babu cikakken rubutaccen labari a hannu, ana yi ana sākewa. Da yake Hong Kong ta canja ƙwarai, sai aka je Bankok ta ƙasar Tailan neman tsofaffin titunan da suka yi kama da na 1962. Aikin ya yi tsawo har mai ɗaukan hoto na farko, Christopher Doyle, ya tafi wani aiki, Mark Lee Ping-bin ya ƙarasa, da ƙyar aka gama kafin bikin Cannes, inda aka ba su biyun tare da William Chang kyautar gwanintar aiki. Abin da aka ɗauka aka zubar yana da yawa. Lambar ɗakin otal ɗin ma da ma'anarta: a 1997 Ingila ta mai da Hong Kong ga ƙasar Sin bisa alkawarin barin tsarinta shekara 50, 2046 kuwa ita ce shekarar ƙarshe cikakkiya ta wannan alkawari. Da wannan lamba ya sa wa wasansa na 2004 suna.

Mai cewa wasan ya yi jinkiri bai yi ƙarya ba. Sai dai a tambaye shi, ta yaya za a nuna haƙuri da gaggawa? Da an ce a baki, mutanen nan sun daure, da mai kallo ya gyaɗa kai ya manta. Da aka sa shi ya hau matakalar tare da su dare bayan dare, yana jiran maganar da ba za a yi ba, sai shi ma ya ɗauki rabonsa na nauyin. Mai cewa kuma ba a saka musu da komai ba, shi ma gaskiyarsa. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa, amma a nan ba a nuna romon ba. Ba a nuna masu cin amana sun tozarta ba, su kuwa waɗanda suka kame ba su sami juna ba. Abin da suka tsira da shi mutuncinsu ne, an kuwa nuna tsadarsa ba ragi.

Saboda haka wanda zai kalle shi kada ya kalle shi a rumfar kasuwa ana ciniki, ko yana hira da baƙi. Ya nemi lokacin da gida ya yi tsit. Ya sa ido a kan hannuwa, da yadin riga, da agogon bangon ofis, da wanda ya fara kau da kai. In ya gama, bayan 'yan kwanaki ya sake kallo, zai tarar 'yan dakon nan na farko sun riga sun faɗa masa komai. Sannu ba ta hana zuwa.